Zugu da Faraku a Kan Hanyar Gwanja

Falken da ya tashi daga Kano ko Jega a ƙarni na 19 da nufin Gwanja, da zarar ya haye Kwara ya san ya bar ƙasar Sarkin Musulmi a baya. Daga nan gaba babu hakimin da zai ji sunan ubangidansa ya sassauta masa, babu alƙalin da zai kai wa ƙara in an ƙwace masa jaki. Ƙasar Bargu ce, ta mutanen da muke kira Bargawa: daji mai kaɗe da ɗorawa, mahaya dawaki, 'yan baka masu kibiya mai dafi, da manyan sarakuna a Busa da Nikki waɗanda ba su taɓa karɓar tuta daga Sakkwato ko Gwandu ba. A wannan sarari da ke tsakanin Kwara da ƙasar Dagwamba akwai garuruwa biyu da falke ke ɗokin ya hango ganuwarsu, Faraku da Zugu. Su ne taswirar yau ke rubutawa Parakou da Djougou, a arewacin Jamhuriyar Benin, da tazarar kimanin kilomita 135 a tsakaninsu.

Hanyar ta girmi duk wani madugu da muka san sunansa. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, kuma a zamanin Sarki Yakubu fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Abin da ya ja mutane wannan doguwar tafiya shi ne goro, sai zinariya a bayansa. Itacen goro ba ya yi a ƙasar Hausa, kurmi yake so da ruwa mai yawa, kuma irin goron da Bahaushe ya fi so, mai rabewa gida biyu, mai jure wahalar tafiya, a kurmin Tonawa yake, wato ƙasar Asante ta Gana ta yau. Duk wanda ke son ya kai shi kasuwar Kurmi ta Kano sai ya ratsa ƙasashen mutane iri-iri da ba su da sarki ɗaya, ba su da harshe ɗaya.

A nan ya kamata mu rage zumuɗi. Muna da ɗabi'ar duk inda muka ga zango mu ce kakanninmu ne suka sare dajin. A Zugu da Faraku ba haka abin ya faru ba. Wangarawa ne suka riga mu, fataken ƙasar Mali, 'yan uwan waɗanda suka iso Kano a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Har yau sunayen gidajensu suna nan a bakin mutane: Ture, Sise, Fofana, Tarawere. Bayansu sai tasirin Sangai. Askiya Muhammadu ya kai wa Bargu yaƙi wajen 1505, ya yi asarar jarumai masu yawa, ya koma ba tare da ya riƙe ƙasar ba. Abin da takobinsa ya kasa, 'yan kasuwa suka yi shi a hankali. Bayan da sojojin Maroko suka karya daular Sangai a Tondibi a 1591, ragowar masu sarautarta suka janye kudu zuwa Dandi, a bakin Kwara wajen Gaya, harshen Dandi kuma ya bi ayari ya gangara Kandi, ya isa Faraku da Zugu, ya zama harshen kasuwa da masallaci. Da Hausawa da Barebari suka zo da yawa a ƙarni na 18 da na 19, sun tarar da gari a kafe da ladubbansa. Wanda ya zauna ya yi aure, 'ya'yansa da Dandanci suka tashi. Shi ya sa za ka sami mutum a Zugu ya ce maka kakarsa Bakatsiniya ce, amma shi Badande ne, kuma bai ga wani abin mamaki a ciki ba.

Abin da ya cika hanyar da Hausawa abu biyu ne da suka haɗu a lokaci guda. A kudu, Asante ta rinjayi Gwanja da Dagwamba tun tsakiyar ƙarni na 18, sannan da Ingila ta haramta wa jiragenta ɗaukar bayi a 1807, Tonawa suka ƙara mai da hankali ga kasuwar arewa. Ba su yarda baƙi su riƙa kutsawa cikin kurmi su sayi goro a gindin itace ba, sai suka tsai da cinikin a Salga. A arewa kuma jihadin 1804 ya kafa daula mai faɗi, mai manyan birane, inda aka hana giya, goro kuwa halal ne, ana cinsa a fada, ana raba shi a ɗaurin aure da suna. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe wannan fatauci, ɗa ya gada daga uba. Daga cikin Agalawan Bebeji ne Alhassan Ɗantata ya fito, wanda aka haifa a 1877.

Hanya ba ɗaya ba ce. Wani ayari kan haye Kwara a Yawuri ko kusa da Busa, ya bi ta Wawa da Kayama da Nikki ya faɗa Faraku, sannan ya miƙe yamma. Wani kan taso daga Sakkwato da Jega, ya haye a Ilo ko Gaya, ya bi ta Kandi da Kwande. Waɗannan rassa a Zugu suke haɗuwa kafin a hau duwatsun ƙasar Kotokoli a arewacin Togo ta yau, a nufi Yandi ko Salga. Wannan haɗuwa ce ta ɗaukaka Zugu. Joseph Dupuis, wakilin Ingila da ya zauna a Kumasi a 1820, ya ji labarinta daga bakin Musulmin birnin a matsayin babban gari na kan hanyar Hausa, alhali babu Baturen da ya taɓa ganinta a lokacin.

Zugu gari biyu ne a haɗe. Akwai Kilir, inda sarki yake. Al'adar gidan sarautar ta ce wani Bagurme ne ya zo baƙo, ya yi aure cikin mutanen Yom masu ƙasa, zuriyarsa ta gaji mulki. Sai kuma Wangara, unguwar fatake, da ganuwarta da masallatanta da kasuwarta, a ƙarƙashin shugaban da ake kira Bafarafe, da limami a gefensa. Sarki yana da ƙasa, yana da yaƙi, yana da hukunci a kan talakawansa, kuma ba a tilasta masa ya bar al'adun kakanninsa ba. Bafarafe yana da baƙi: shi ke karɓar madugu, shi ke raba ayari gidajen fatoma, shi ke tara abin da za a kai fada, shi ke sasanta rikicin bashi kafin ya kai kunnen sarki. Malamai suna yi wa sarki addu'a da laya, sarki yana ba su kariya. A Faraku ma tsarin haka yake. Sarkin garin, mai laƙabin Akpaki, yana bin Nikki, gidansa kuma yana da dangantaka da Yarabawan Sabe da ke kudu, amma harkar kasuwa da baƙi tana hannun shugaban Musulmi mai irin wannan muƙami na Bafarafe.

Wani Bature, Hugh Clapperton, ya gamu da ɗaya daga cikin waɗannan ayarori a Kayama a farkon 1826, ayarin yana dawowa daga Gwanja: mutum fiye da dubu, maza da mata, da dabbobin kaya kusan adadinsu. A ɗauka irin wannan ayari ne ya doso Zugu da la'asar. Jagaba ya riga ya shiga gari tun hantsi ya gai da Bafarafe, ya nemi masauki da wurin kiwo. Madugu yana tafe a kan doki, malamin ayari a kusa da shi da gafakarsa, uban dawaki kuma shi ke ciniki da masu gari a kan kuɗin fito. Jakuna da takarkarai da alfadarai suna shigowa a jere, an sauke mangala, mata sun girka tukwane. Daga gabas an kawo kanwa, da baƙin rini na Kano da Kura, da jan fata, da busasshiyar albasa, da tozali, da dawaki, da bayi. In kuwa ayarin daga Salga ya fito, aikin dare na jiran kowa. Sai an kwance huhu an baje goro, a tsince wanda sankara ta kama tun bai ɓata na kusa da shi ba, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa da ɗanyen ganyen fita. Haka za a yi ta yi duk 'yan kwanaki har Kano. Falken da ya yi sakaci da wannan, ko ɗan fashi bai taɓa shi ba, da asara zai koma gida. Tafiyar, zuwa da dawowa, takan ci wata shida har shekara, kuma da rani ake yinta, domin da damina koguna sun cika, jaki ba ya haye su da kaya.

Ganuwa tana ba da aminci, amma tsakanin gari da gari wani labari ne. 'Ya'yan sarautar Bargu, waɗanda ake kira Wasangari, suna da yawa, kujerun sarauta kaɗan ne, kuma darajar ɗan sarki a wurinsu ita ce yawan kyautar da zai iya yi wa maroƙa da mabiyansa. Ina zai samo? A jikin ayari. Don haka sarki na karɓar garama a cikin gari ya ba da rakiya, ƙaninsa ko ɗan wansa kuma na jira a kurmin rafi da mahayansa. Madugu na gari shi ne wanda ya san wa za a ba riga, wa za a ba kanwa, wa za a nuna wa bakin bindiga, da kuma lokacin da za a sauya hanya gaba ɗaya a bi ta Gurma. Wannan barazanar sauya hanya ita ce makamin fatake mafi kaifi. Sarkin da ya matsa, ayari mai zuwa sai ya kewaye garinsa, kasuwarsa ta mutu.

Mai karatun tarihin Amurka zai ga kama a nan. A 1821, shekarar da Misuri ta zama jiha, wani ɗan kasuwa William Becknell ya buɗe hanyar fatauci daga can zuwa Santa Fe, ayarin kekunan shanu suka riƙa ratsa ƙasar Indiyawan daji da shugaban tafiya da masu gadin dare. Amma a 1846 sojojin Amurka suka bi sawun waɗannan kekuna suka kama Santa Fe, ƙasar ta koma tasu, masu ita na asali aka ture su gefe. A hanyar Gwanja an yi shekara ɗari huɗu ana fatauci, babu rundunar Kano ko Katsina da ta biyo ayari ta ci Zugu. Gwandu ta taɓa gefen Bargu bayan jihadi, ba ta riƙe ta ba. Falke ya zo baƙo, ya biya, ya zauna baƙo, har jikokinsa suka zama 'yan gari ta hanyar aure da harshe.

Yaƙin da ya sauya ƙarfin garuruwan Bargu ma ba a ƙasarsu aka yi shi ba. Wajen 1837 Sarkin Nikki Sero Kpera ya haɗa kai da Alafin na Oyo, Oluewu, suka nufi Ilori don su karya mulkin Fulani a can. Aka ci su, sarakunan biyu suka rasa rayukansu, tare da ɗimbin 'ya'yan sarautar Bargu. Nikki ta shiga rigimar gado, ikonta a kan garuruwan da ke bin ta ya yi sanyi. Faraku, wadda ƙarfinta a kasuwa yake, ita ta ci ribar wannan rauni, ta zama garin da ayari ya fi amincewa da shi a kudancin Bargu.

Kada a ɗauka zaman lumana ne zalla. Cikin kayan da ke bin hanyar akwai mutane, kuma ɗan gari ma bai tsira ba. Shaida a kan haka ta fito daga bakin wani ɗan Zugu, Muhammadu Gado, wanda littattafai ke rubuta sunansa Mahommah Gardo Baquaqua. An haife shi a unguwar fatake cikin shekarun 1820. Mahaifiyarsa asalinta Katsina, mahaifinsa Musulmi ne daga wajen Nikki, kawunsa maƙeri ne mai harka har Salga, wansa kuma malami. Shi bai jure karatun allo ba, ya koyi ƙira, ya taɓa faɗawa hannun mayaƙa a Daboya ta ƙasar Gwanja aka fanso shi, daga baya ya zama bafaden wani sarki kusa da Zugu. Ya ce abokan tafiya ne suka yaudare shi da giya a wani ƙauye, ya farka ya ga an sayar da shi. Aka gangara da shi kudu ta Dahome, aka sa shi a jirgi kusa da Wida a 1845, aka sauke shi a Farnambuko ta Brazil, inda ya yi bauta a gidan wani mai gasa burodi. Daga nan aka sayar da shi ga wani kyaftin na jirgin ruwa a Riyo. A 1847 jirgin ya kai kofi birnin New York, masu yaƙi da bauta suka kai maganarsa kotu, da shari'a ta ƙi ci sai suka taimaka masa ya tsere daga kurkuku. Ya zauna a Haiti, ya shiga addinin Kirista a 1848, ya dawo ya yi karatu a wata kwaleji a jihar New York, sannan a 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit ta jihar Mishigan. A cikinsa ya siffanta ganuwar garinsu da ƙofofinta da kasuwarta da azumi da salla. Ya yi ta neman hanyar komawa Afirka, ya je Ingila a 1855, labarinsa na ƙarshe da aka rubuta na 1857 ne. Mafi daɗewar bayanin Zugu daga bakin ɗan garin, a Amurka aka buga shi, kuma jinin Katsina ne.

Rushewar hanyar ta faro daga can ƙarshenta. A 1874 Ingilishi suka ƙone Kumasi, Gwanja ta ɓalle daga Asante, Tonawa suka mai da goronsu Kintamfo. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salga, fatakenta suka bazu, da yawa suka koma Karachi ta bakin kogin Volta, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya rasu a can a 1934.

Sai Turawan ƙasashe uku suka doso Bargu a lokaci guda. Jamusawa sun taso daga Togo: Ludwig Wolf ya bi ta Zugu a 1889, ya mutu a ƙasar Bargu a wannan shekarar. Faransawa sun ci Abome ta Dahome a 1892, hanyar arewa ta buɗe musu. Ingilishi kuma suna bakin Kwara da kamfaninsu. A 1894 aka yi tseren da ya yi suna: Kyaftin Lugard na Ingila, da sojojin haya Hausawa da Yarabawa, ya isa Nikki ranar 5 ga Nuwamba, ya sami takardar yarjejeniya ranar 10 ga wata ya juya. Kyaftin Decoeur na Faransa ya shigo bayansa da 'yan kwanaki, ya sami tasa ranar 26 ga wata. Abin lura shi ne Lugard bai ga sarkin da idonsa ba, da limamin gari ya yi magana. Wato an karɓe shi yadda aka saba karɓar kowane madugu, ta hannun Musulmin da ke kula da baƙi, shi kuwa ya tafi yana cewa an ba shi ƙasa. Faransawa suka riƙe wannan hujja suka ce takardarsa ba ta da daraja. A hanyarsa ta komawa Bargawa suka harbe shi da kibiya a ka, ya sha da ƙyar.

Ƙarshen maganar a Faris aka yi shi. Yarjejeniyar 23 ga Yuli 1897 ta ba Faransa Zugu, ta bar wa Jamus Sansanin Mango. Ta 14 ga Yuni 1898 ta tsaga Bargu biyu: Nikki da Faraku da Kandi ga Faransa, Busa da Kayama da Ilo ga Ingila. Falken da a da yake biyan sarakuna sai ya tarar da iyakoki uku da 'yan kwastan tsakanin Kano da Salga. Bargawa ba su sallama nan take ba. A 1916, da aka matsa musu da haraji da aikin tilas da ɗibar samari zuwa yaƙin Turai, Biyo Gera ya tayar da bore a wajen Bembereke, aka kashe shi a watan Disamba na shekarar.

Amma jirgi ne ya gama da ayari. Goro ya koma bin teku daga Akra zuwa Ikko, dogo ya isa Kano a 1911, Ɗantata da irinsa suka bar jaki suka kama wannan hanya, daga baya kuma manoman ƙasar Yarabawa suka dasa irin goron Gwanja a gonakinsu. Hanyar da ke tafiya gabas da yamma ta juya ta zama kudu da arewa. Dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Faraku a 1936, bayan kilomita 438, bai ƙara gaba ba har yau. Wannan tsayawa ta yi wa Faraku rana: cikin shekarun 1950 gyaɗar Maraɗi da sauran kudancin Nijar ta riƙa zuwa a mota ana loda ta a jirgi a nan, aka gina gadar Gaya da Malanbil a 1958, Dahome, wato Benin ta yau, da Nijar suka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa a 1959. Hubert Maga, shugaban ƙasar Dahome na farko a 1960, haifaffen Faraku ne. Garin ya sami jami'a a 2001. Zugu ba ta sami dogo ba, sai jikokin fatake suka koma direbobi da masu manyan motoci, garin kuma ya zauna a mahaɗar hanyoyi shida. Ƙidayar 2013 ta ba kowace daga cikin gundumomin biyu mutum fiye da 250,000.

A garuruwan biyu akwai unguwar Zango har gobe, inda Hausawan da suka zo a zamanin Turawa da bayansa suke zaune: mahauta, dillalan shanu, masu albasa, malaman allo. Su ne sababbin baƙi, tsofaffin kuwa sun daɗe da zama Dandawa. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan wannan tarihi da Faransanci da Ingilishi yake, daga hannun masana irin su Paul Lovejoy da Robin Law da Denise Brégand. Ɗaliban tarihi na Kano da Sakkwato da Katsina da Yamai, ga aiki a gabanku: a Zugu da Faraku gidajen limamai da na Bafarafe suna nan da dattawansu. Ku je ku ji daga bakinsu, ku rubuta mana da Hausa.